Nawa ne kuɗin rage faɗin hanci? Amsa ga wata amarya a Damagaram

Wasiƙar ta zo da tsawo, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice:

"Assalamu alaikum Inna Hajiya. Shekarata 25, tela ce ni a nan Damagaram, saura wata huɗu a ɗaura mini aure. Tun ina lakwal ake yi mini dariyar hanci, don yana da faɗi, ƙofofinsa manya. Na ɗauka abin ya wuce, sai kwanan nan ƙanwar wanda zan aura ta yi kuskuren turo mini muryar da ta yi niyyar tura wa yayarta. A ciki tana cewa amaryar ba laifi, sai dai hancin ne ya baje, Allah ya sa kada ƴaƴa su ɗauko. Tun ranar ban sake ɗaukar hoto ba sai da filta. Wata mata da na gani a TikTok ta ce tana rage hanci a gidanta, a tsallaken iyaka, jika 150, a yini ɗaya in dawo. Wani mai haɗa tafiya Tunusiya kuma ya ce yuro 1,500 ban da jirgi, in fara tura rabi. Ina da jika 600 na adashe, ina kuma tunanin sayar da ƴan kunnen zinariyar da mahaifiyata ta ba ni. Ba wanda ya sani. Nawa ne ainihin kuɗin aikin nan, wanne zan zaɓa, kuma akwai zunubi?"

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya alheri a auren nan, ya nuna mana lokacin lafiya.

Maganar da kika ji mai ciwo ce, ba zan ce miki ki share kawai ba. Magana ce ta bayan ido, daga bakin gidan da za ki shiga, ta kuma taɓa ƴaƴan da ba a haifa ba tukuna. Duk wadda aka yi wa haka sai ta kwana tana juyi. Amma tambaya kika yi, to ga amsar tun kafin bayani: kada ki je wurin matar nan ko da kyauta ta ce za ta yi miki, kada ki tura wa mutumin Tunusiya ko dala, kuma kada a taɓa hancinki kafin bikin nan. Abin da za ki yi bayan biki shawara ce da za ki yanke a natse, zan kuma ba ki abin da za ki auna ta da shi.

Mu fara da aikin kansa, don da yawa suna tambayar kuɗinsa ba su san me za su saya ba. Ki sa yatsa a gefen hancinki, daidai lungun nan da naman ƙofar hanci ya haɗu da kumatu. Nan likita yake yanka. Yana cire ɗan siririn yanki daga naman nan, ko daga ƙasan ƙofar ta ciki, wani lokaci duka biyun, sai ya jawo gefen ya ɗinke a cikin lungun don tabon ya ɓuya. Tsohon aiki ne. Wani likitan fiɗa a Amurka mai suna Robert Weir ya bayyana shi tun 1892. Idan shi kaɗai za a yi, yawanci allurar kashe zafin wurin ta isa, ba sai an sa mutum barci ba, kuma bai cika wuce awa ɗaya ba. Ana cire zare bayan kwana 5 zuwa 7. Kumburin da ido ke gani yakan sauka cikin mako biyu, sauran sai a hankali cikin watanni, tabo kuwa yana iya ɗaukar shekara guda kafin ya nuna yadda zai zauna.

Abin da ake cirewa milimita ne, sau da yawa 2 zuwa 5 a kowane gefe. Ɗauko tef ɗin awonki ki dubi ƙananan layukan nan da ke cikin santimita ɗaya, ki ƙirga uku. A kan wannan ɗan abin ake maganar duk kuɗin nan, kuma idan gefe ɗaya ya fi ɗaya da layi guda, kowa zai gani, don tsakiyar fuska ne. Ke tela ce, kin fi ni sanin cewa rigar da ta yi yawa ana rage ta gobe, wadda almakashi ya wuce a kanta kuwa sai dai faci. Hanci ma haka yake, sai dai shi babu kasuwar da za a je a ƙaro yadi. Idan aka yanke fiye da kima, gyaransa sai an yanko fata da guringuntsi daga kunne an lika, kuma da wuya ya koma yadda yake. Shi ya sa likitan kirki yake cire ƙasa da abin da aka roƙe shi.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗi. Aikin nan yana rage faɗin ƙofofi ne kawai, ba ya ɗaga karan hanci, ba ya tsawaita shi. Sau da yawa abin da ke sa hanci ya yi kama da mai faɗi shi ne karan a kwance yake, kan hancin kuma bai fito gaba sosai ba. Idan aka matse gefe aka bar sauran yadda yake, kan hancin sai ya fito ƙato a kan ƙananan ƙofofi, mai shi ta dubi madubi ta ga abin da ba ta nema ba. Daga nan sai a ce mata ai sai an yi babban aiki, a ɗebo guringuntsi daga cikin hanci ko kunne ko haƙarƙari a gina karan, a sa ta barci, kuɗi ya ninka sau da yawa. Idan hoton da ke ranki dogon hanci ne irin wanda filta ke ba ki, aikin da kike tambayar kuɗinsa ba zai kai ki can ba.

To kuɗi. Babu farashi ɗaya, kuma duk wanda ya yanke miki kuɗi ta waya bai ga hancinki ido da ido ba, ciniki kawai yake yi. A Amurka, ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta ƙasar ta ce a 2023 matsakaicin ladan likita a gyaran hanci gaba ɗaya dalar Amurka 7,637 ne, sama da miliyan 4 na sefa ke nan, ban da kuɗin mai sa barci da na ɗakin fiɗa. Rage ƙofofi kaɗai bai kai wancan ba, amma ko shi a Faransa yakan kama daga wajen yuro 1,500 ya yi sama. Tunusiya da Turkiyya sun yi suna ne don sun fi Turai sauƙi. Saboda haka kuɗin da mutumin ya faɗa miki ba abin da ba a taɓa ji ba ne. Mu juya shi zuwa namu: yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma a ɗaure suke da juna, ba ya hawa ba ya sauka. Yuro 1,500 ya kama sefa 984,000, miliyan ɗaya ba jika 16. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun 2024 jika 42 ne a wata. Kin ga albashin ƙaramin ma'aikaci na kusan shekara biyu ke nan, tun ba ki taka ƙofar gida ba.

Yanzu ɗauki alƙalami ki ƙara abin da bai faɗa ba. Fasfo. Motar Yamai, kusan kilomita 900, da kwanan can. Tikitin jirgi zuwa da dawowa. Masauki da abinci na mako guda ko fiye, don ba za ki taso ba sai an cire zare. Awon jini da magunguna. Budurwa ce ke, gidanku ba za su bar ki ki tsallaka ƙasa ke kaɗai ba, ni ma ba zan so ba, to duk wannan ki ninka shi biyu saboda mai rakiya. Ga shagonki a rufe a daidai lokacin da kike buƙatar kowane ɗinki. Ba abin mamaki ba ne jimillar ta ninka abin da ya faɗa miki, jika 600 ɗinki da ƴan kunnen duka su tafi ba a kai ba, ki shiga ɗakin miji da bashi.

Babban kuɗin ma ba ya cikin wannan lissafin. Ki ɗauka kin dawo Damagaram, kwana goma da aiki, sai ɗinkin gefe ɗaya ya buɗe, ko wurin ya yi ja yana ruwa. Wa za ki nuna wa? Wanda ya yanka yana wata ƙasa. Mai haɗa tafiya dillali ne, la'adarsa ya ci, aikinsa ya ƙare ranar da kika hau jirgi. Likitocinmu za su yi miki maganin ƙwayar cuta, amma gyaran siffar da wani ya ɓata aiki ne na daban, ya fi na farko wuya, ya fi shi tsada, kuma akan jira watanni da yawa kafin a sake taɓa wurin. Watannin nan da fuskarki za ki zauna su, a cikin sabon gida. Mutumin da ya ce ki tura rabi bai gaya miki sunan likitan ba, bai aiko miki da takardar lissafi mai hatimin asibiti ba, bai tambaye ki lafiyarki ba, wannan kaɗai ya isa ki rufe maganarsa.

Ita kuwa matar jika 150, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Araha ba ta ado, ɗiyata. Abu uku ne za ta iya yi miki a ɗakin nan: ko ta yanka, ko ta zura zare ta matse, ko ta yi miki allurar cika fata don karan ya ɗago. Yanka a wurin da ba a dafa kayan aiki yadda ya kamata hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da sida, kuma ƙwayar cuta a kewayen hanci ba abin wasa ba ce, don jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Allurar kuwa, idan abin da aka ɗura ya shiga jijiyar jini ya toshe ta, fatar hanci tana iya mutuwa ta yi baƙi ta zube, kuma hanci yana cikin wuraren da aka fi samun makanta ta wannan hanyar, don jijiyoyinsa suna haɗe da na ido. Yana faruwa har a hannun likitoci, su da ke da maganin narkar da abin a kusa. Ita me za ta yi idan kika ce mata idonki ya yi duhu? Hotunan da take nunawa na "kafin" da "bayan" ma, ba ki san na wace ce ba, ba ki san yaushe aka ɗauka ba, kuma wadda aikin ya ɓaci a kanta ba ta fitowa TikTok.

Ko a hannun gwani, akwai abin da ya shafe mu mu baƙar fata musamman. Kin san tabon nan mai tudu, mai sheƙi, mai ƙaiƙayi, wanda yake ci gaba da girma har ya wuce girman ciwon, wanda likitoci ke kira keloyid? Ya fi yawa a cikinmu, kuma yana bin jini. Ki shafa bayan kunnenki wurin huji, ki dubi lambar da ke hannunki, ki dubi ƙirji da kafaɗa idan kin taɓa yin ƙurji, ki kuma lura da na mahaifiyarki da ƴan uwanki. Gaskiya gefen hanci ba ya cikin wuraren da ya fi so, ya fi kama kunne da ƙirji da kafaɗa da haɓa. Amma wadda jikinta ke yin sa ba ta da dalilin gwada sa'arta a tsakiyar fuska. Ko ba keloyid, layin ɗinkin yana iya yin duhu fiye da sauran fata, ranar bazarar Damagaram kuma ƙara masa baƙi take yi. Sannan ga lokacin da kike ciki: amare da yawa suna shiga gyaran jiki da mayukan ƙara haske. Da yawa daga cikinsu akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira kortizon a ciki, yana sa fata ta yi siriri, ciwo ya daɗe bai warke ba. Idan kina shafawa, ki daina don lafiyarki ma, kuma duk ranar da za a yi miki wani aiki ki gaya wa likita ba ɓoye-ɓoye. Haka idan akwai sikila ko ciwon suga.

Kada ki manta ƙofar nan ta numfashi ce. Wadda aka matse wa ita fiye da kima, da hunturu ya shigo da ƙurarsa da murarsa za ta san abin da ta rasa, ta koma barci baki buɗe. A 2017 masu bincike a jami'ar jihar Pensilbaniya ta Amurka sun nuna cewa faɗin ƙofar hanci yana tafiya da yanayin ƙasar da kakannin mutum suka rayu: masu faɗi sun fi yawa a ƙasashen zafi da laima, matsattsu a ƙasashen sanyi da bushewa. Akwai kuma wani tsohon ma'auni a littattafan fiɗa da ke cewa faɗin hanci ya zama daidai da tazarar da ke tsakanin idanu biyu. A fuskar Turawa aka auna shi. A wurin mutanen Afirka da yawa, hanci lafiyayye ya wuce wannan tazarar, kuma likitan da bai saba da fuskokinmu ba, idan ya bi wancan awon, yanka zai yi fiye da kima.

Ba Turawa kaɗai zan ɗora wa ba. Mu ma muna da namu. Mu ne muke yabon yarinya da "hanci har baka", mu ne ranar wankan jariri ungozoma take gasa tsumma da ruwan ɗumi tana jan ɗan hancin nan wai ya miƙe, mata suna leƙowa suna cewa a ƙara ja. Ba ya ƙara komai, siffar hanci gado ce, amma yarinya tana tashi ta ji tun tana zanen goyo aka fara gyaran fuskarta. Ina so iyaye mata masu karanta wannan su ji abin da wasan baki na tsakar gida yake zama bayan shekara ashirin.

Zancen hoto kuma, akwai abin da nake so ki gwada yau. A 2018 wasu likitoci a Amurka sun auna suka gano cewa hoton da mutum ya ɗauki kansa daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, idan aka gwada da hoton da aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Dalili kuwa hanci ne ya fi kusa da idon kyamara, sai ya kumbura a hoto, kunnuwa su ja baya. Ke kuma kina tsakanin hotuna biyu ne: na kusa da ke ƙara miki, da na filta da ke rage miki, babu wanda ya nuna fuskar da mutane ke gani. Ki ba wata ƙawarki waya ta ja baya taku uku, a tsakar gida da hantsi, ba filta, ta ɗauke ki kina magana, kina dariya. Ki kalli wannan sau da yawa kafin ki yanke hukunci. Kuma kowane hanci yana buɗewa idan mai shi ta yi murmushi, har wanda aka yi wa aiki.

Kin tambayi zunubi. Malamai sun raba abin gida biyu. Akwai gyara abin da ya lalace, ko aka haifi mutum da shi a matsayin aibi, kamar tsagaggen leɓe, ƙuna, haɗari, ko hancin da ya karkace ya hana numfashi. Hujjarsu a nan sananniya ce: sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Mu a Damagaram mun san irin wannan gyaran da idonmu, don tun farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar agaji mai suna Sentinelles take da cibiya a garin nan tana kula da yaran da cutar nan ta baki, wadda likitoci ke kira "noma", ta cinye wa leɓe da kumatu da hanci. Ban kawo su don in ce damuwarki ba komai ba ce, na kawo su don ki ga inda malamai suka ce a yi, har da lada. Gida na biyu shi ne canza halitta lafiyayya don ƙarin kyau, kuma a nan suna kawo hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim a kan masu canza halittar Allah don ado. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta na farko, har da kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a rai, ta hana na biyu, ta kuma ambaci canza siffar hanci a cikin misalan abin da ta hana. Hanci mai faɗi da ke numfashi lafiya, irin na dubban matan garin nan, a fahimtata gida na biyu ya fi kusa da shi. Ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa halinki yadda yake, ba ragi ba ƙari, ki ji daga bakinsa.

Sai maganar da na fi so ki riƙe. Ki sake sauraron abin da yarinyar nan ta ce, a zuciyarki, ba a waya ba. Cewa ta yi kada ƴaƴa su ɗauko. To wuƙar likita ba ta kai wa can. Ko an rage naki, ɗiyarki za ta iya zuwa da hancin kakarta, kuma ranar za ta buƙaci uwar da za ta dube ta ta ce mata kyakkyawa ce, ta kuma gaskata. Miliyan ɗaya da wani abu ba zai amsa maganar da aka yi ba. Kuma Damagaram ba ta da girman da za a ɓoye sabon hanci. Daga Birni har Zango an san fuskarki, dangin mijin sun gan ki, suna da hotonki. Bakin da ya ce hanci ya baje, gobe shi zai ce amarya ta je an yanka mata hanci, ya nemo tabon ya nuna. Wata huɗu kuma lokaci ne da tabo yake ja ko duhu, bai kwanta ba. Za ki zauna a gaban masu hoto da abin da ya fi faɗin hanci jan ido.

Shi wanda zai aure ki, da wannan fuskar ya gan ki, da ita ya yi ta zarya ƙofar gidanku, da ita ya turo manyansa. Ban ce wannan ya isa ya warkar da ciwon shekaru ba, amma shaida ce, kada ki jefar da ita ki riƙe ta ƙanwarsa. A ganina ki gaya masa a taƙaice cewa wata magana ta iso ki daga gidansu a kan kamanninki, ta yi miki zafi. Kada ki kunna masa muryar, kada ki tura wa kowa, ki goge ta, don muddin tana wayarki za ki riƙa komawa gare ta da dare. Yadda zai amsa zai nuna miki abin da ya kamata ki sani kafin ɗaurin aure: shin mutum ne da zai tsaya miki a cikin danginsa? Ita yarinyar, da alama ta gane inda saƙonta ya faɗa, kunya tana cinta. Ki gaishe ta yadda kika saba, ba sai kin tayar da zancen ba.

Mahaifiyarki kuwa dole ta sani, ko gwaggonki idan kina jin nauyinta. Zinariyar nan da ta ba ki ajiya ce ta ranar da ba a fata, irin wadda mace ke kamawa idan ciwo ya zo da dare ko sana'a ta tsaya. Kada ki sayar da ita a ɓoye. Jika 600 ɗin ma guminki ne, kin san dare nawa kika raba a kan keke kafin su taru. Ki bar su inda suke tukuna.

Idan an yi biki, kin zauna, an yi wata shida ko shekara, kika ga har yanzu abin yana ranki, ba don wata ta faɗa ba, to ga hanya. Ki fara da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, a babban asibitin ƙasa na nan Damagaram. Kuɗin ganinsa kaɗan ne a kan duk abin da muka lissafa. Ya duba cikin hancin da numfashinki, ya dubi tabbanki, ya gaya miki ko akwai abin gyara, ya kuma nuna miki wanda za ki gani a Yamai, ko a asibitin koyarwa na Aminu Kano, tunda Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Kusancin nan yana da daraja, don wanda ya yi aiki shi ya kamata ya cire zare, ya kuma sake ganinki bayan wata ɗaya da wata shida. Duk likitan da kika zauna gabansa ki tambaye shi ko yana da rajista a hukumar likitocin ƙasarsa, sau nawa ya yi wannan aikin a kan baƙar fata, ya nuna miki hotunan bayan shekara guda ba na bayan mako ba, milimita nawa zai cire kuma daga ina, me kuɗin ya ƙunsa a rubuce, kuma wa zai biya idan sai an sake. Wanda ya ji haushin tambayoyin nan, ki tashi ki ba shi wuri. Ki sani kuma ba a yin irin wannan aikin da juna biyu, kuma ciki kansa yana kumbura hanci ya ƙara masa faɗi, ya koma bayan haihuwa, don haka kada ki yi wa fuskarki hukunci a lokacin.

Akwai wata tambaya da ke kaɗai za ki iya amsawa. Awa nawa kike yi a rana kina tunanin hancin nan? Kina fasa zuwa biki ko suna saboda shi? Kina rufe shi da mayafi ko takunkumi ko ba ƙura? Kina duba madubi har aiki ya tsaya, ko kina gudun madubin gaba ɗaya? Idan amsar e ce, akwai wata damuwa da likitoci suka sani, wadda ke sa mutum ya ga aibi ƙato a inda wasu ba sa ganin komai ko suke ganin ɗan kaɗan. Tana kama kusan mutum 2 cikin 100, hanci kuma yana cikin wuraren da ta fi maƙalewa. Masu ita yawanci fiɗa ba ta ba su sauƙi, suna fitowa daga aiki ɗaya su nemi na biyu, ko damuwar ta koma kan leɓe ko fata. Tana da magani, ta hanyar zama da likitan da ya san damuwar zuciya, wani lokaci da ƙwayoyi, kuma zuwa wurinsa ba hauka ba ne. Idan kin ga kanki a cikin tambayoyin nan, ki faɗa wa likitan ORL ɗin tun a zaman farko ya haɗa ki da wanda ya dace, kuma wannan kada ki jira sai bayan biki, ki je cikin makon nan.